Satar Hular Gashin Doki

Sufeto Tak Sang-gu bai gama rataye rigar ruwansa ba wayar ofis ta yi ƙara. Saje Eom ta ɗauka, ta saurara, sannan ta rufe bakin wayar da tafin hannu.

"Yallaɓai, an yi sata a gidan Malam Pyo mai hula."

"Me aka ɗauka?"

"Hula."

"Guda nawa?"

"Ɗaya tak. Amma ya ce in ba mu zo yanzu ba, gwamna zai buga wa waya."

Duk garin Tongyeong babu wanda bai san Pyo Man-deok ba. Shekara ashirin da biyu ke nan da gwamnatin lardi ta naɗa shi uban sana'ar saƙar gat, baƙar hular nan ta gashin doki da zaren gora. Ana ba shi tallafi kowane wata, an gina masa ɗakin aiki, hotonsa ma yana manne a tashar mota. Mutum ɗaya ake bai wa wannan matsayi, kuma sai ya mutu wani ya samu.

Sun tarar da shi zaune a tsakiyar ɗakin aikin, ya sha farar riga ta gargajiya, yana huci.

"Wata takwas na yi ina saƙa ta," ya ce. "Gwamnati ce ta sa ni, ta biya, gidan tarihi za a kai ta. Jibi kwamitin al'adu zai zo ya duba, ya sabunta mini tallafi. Me zan nuna musu?"

"Yaushe ka gan ta na ƙarshe, Malam?"

"Asabar da yamma. Ni na kulle ƙofar da hannuna."

Sufeto Tak ya duba kwaɗon. Ko ƙwarzane babu. Tagogi a rufe ta ciki.

"Makulli nawa ne?"

"Ɗaya, ga shi a ƙuguna. Kada ka ɓata lokaci, Sufeto. Gu Il-bong ne. Sau uku yana neman kujerata ana hana shi."

Wata dattijuwa ta shigo da shayin sha'ir, ta ajiye, ta juya za ta fita.

"Wannan fa?" Sufeto ya tambaya.

"Ƙanwata ce, Bun-rye. Girki da shara ne nata, ba ta san komai ba."

"Haka ne, Inna?"

"Ai ka ji abin da Yaya ya ce," ta amsa, ta fice.

Saje Eom ta rubuta bayanin, ta miƙa wa Malam Pyo ya sa hatimi. Ya shafa takardar da yatsu, ya danna hatiminsa can gefe, kan rubutu, nesa da layin da aka ja. Sufeto Tak ya lura da haka.

Gu Il-bong yana da rumfa a bakin kasuwar kifi, inda yake sayar wa 'yan yawon buɗe ido ƙananan huluna na roba. Da ya hango su ya yi tsaki.

"Na san tsohon nan zai turo ku. In akuyarsa ta yi tari ma ni ne."

"Yaushe rabonka da gidansa?"

"Shekara biyar."

Saje Eom ta juya masa wayarta. Hoto ne daga kyamarar tsaron wani kanti da ke layin, ranar Asabar da rana: Gu ne, rungume da babban kwali.

"Wannan ɗan'uwanka ne?" Sufeto ya ce.

Gu ya sosa ƙeya. "To, na je. Akwatin hula na kai, kuma babu komai a ciki."

"Wa ya ce ka kai?"

"Na manta."

"A ofis mutane kan tuna da sauri."

"Ka kai ni, Yallaɓai! Ka rufe ni, ka jefa makullin a teku, ba zan faɗa ba. Shekara arba'in ina saƙa, yau roba nake sayarwa, me ya rage da za ku karɓe? Abu ɗaya zan gaya maka. Ni ban kai matsayin wanda ya saƙa hulunan gidan nan ba, na yarda. Amma ka je ka tambayi Man-deok yatsu nawa ka ɗaga masa."

Daga nan suka wuce ofishin al'adu. Jami'ar da ke riƙe da fayil ɗin ta fara cewa babu wani abu a ciki sai takardun yabo. Sufeto Tak ya ce to a ba shi ya karanta yabon, ya ja kujera ya zauna. A can ƙarshen fayil ɗin ya tarar da wasiƙu huɗu, rubutun hannu ɗaya, kowace da tambarin ƙin amincewa. Mai wasiƙun ba kuɗi take roƙo ba. Cewa take a ba ta gashin doki da kujera a gaban kwamiti, a ga abin da hannunta zai yi. A ƙasan kowace an sa hannu: Pyo Bun-rye.

"Me ya sa ba ku gwada ta ba?"

"Doka ce, Sufeto. Ba ma gwada kowa sai uban sana'a ya gabatar da shi da hatiminsa."

"Shi kuma yaushe kuka ga yana saƙa da idonku?"

Jami'ar ta gyara tabarau. "Mutum ne mai daraja. Aikin da ya gama muke dubawa."

Suna fitowa shugaban ofishinsu ya kira Sufeto Tak a waya.

"Tak, na ji kana tone-tone a ofishin al'adu. Hula aka ce ka nemo. Mutumin nan alfaharin garinmu ne, ka bi a hankali."

"Hular nake nema, ranka ya daɗe."

"Wata takwas ya rage ka yi ritaya. Ka tuna."

"Ina sane, ranka ya daɗe. Shi ya sa nake sauri."

Ya kashe wayar. Da Saje Eom ta kalle shi, cewa kawai ya yi ta ja mota.

La'asar ta yi lokacin da suka koma gidan. Bun-rye tana tsakar gida tana wanke kabeji kusa da jerin manyan tulunan kimci, kabejin da ake tsumawa da yaji. Sufeto ya ce a kira ta ɗakin aiki. Ya zaro silin gashin doki guda daga dami, ya ɗora a kan baƙin tebur gaban Malam Pyo.

"Malam, ina so in rubuta yadda ƙullin hular yake, don mu gane ta in mun gan ta. Ɗauki wannan ka ƙulla mini ɗaya."

Malam Pyo ya kai hannu. Ya lalubi dama, ya lalubi hagu. Gashin yana nan gabansa, bai taɓa shi ba.

"Ni za ka yi wa jarrabawa? Ka san ko ni wane ne?"

"Ƙulli ɗaya na roƙa, Malam."

Bun-rye ta matso, ta tsince gashin da yatsu biyu. Kafin Saje Eom ta ɗago kai daga littafinta, ƙulli uku sun jeru, ƙanana kamar ƙwayar gero. Ta ajiye a tafin hannun Sufeto.

"Ga yadda yake," ta ce. "Kada ka wahalar da kanka, ɗana. Hular tana cikin tulu na huɗu daga bango, a cikin akwatin da na sa Il-bong ya kawo mini. Shi bai san abin da zan yi da shi ba."

"Bun-rye!" Malam Pyo ya daka tsawa. "Rufe mini baki!"

"Na rufe shi shekara hamsin, Yaya. Ya isa."

"Yaya kika shiga ɗakin?" Sufeto ya tambaya.

"Da makullina. Wa kake tsammani yake buɗe ɗakin nan kullum da asuba? Ina da shekara tara babanmu ya sa mini gashin doki a hannu. Da aka zo rubuta magaji, ya ce ba a rubuta mace, aka rubuta Yaya. A lokacin yana saƙa, ba laifi, ko da yake ni nake warware masa kuskure. Shekara goma sha ɗaya ke nan da yanar ido ta rufe masa gani. Duk hular da ta fita daga gidan nan tun lokacin, ni ce. In baƙi sun zo ya zauna ya riƙe allura a ɗauki hoto, ni in kawo shayi."

"Na ci da ke, na sha da ke," Malam Pyo ya ce. "Wa ya riƙe ki da mijinki ya mutu? Tallafin nan ba tare muke ci ba?"

"Shinkafa na ci, Yaya, kuma na biya da idona. Sau huɗu ina durƙusa maka ka sa mini hatimi su gwada ni. Ka ce sai bayan ranka. To, idona ya fara hazo, shekarata sittin da bakwai. Wannan ce hula ta ƙarshe da zan iya yi da kyau haka, kuma ba za ta shiga gidan tarihi da sunanka ba. Na yi niyyar jibi in fito da ita gaban kwamiti, in zauna in saƙa musu su gani."

Saje Eom ta je ta ɗauko akwatin. Aka buɗe shi. Sufeto Tak ya ɗaga hular wajen taga, yana ganin rufin maƙwabta ta cikin saƙar, ga ta ba nauyi kamar bai riƙe komai ba.

Malam Pyo ya sassauta murya. "Sufeto, tunda an samu, magana ta ƙare. Rigimar gida ce. Na janye ƙarata."

Sufeto Tak ya dubi tsohuwar. Zai iya rubuta cewa an tsinci hular, kowa ya huta, shugabansa ya yi murna, tsohuwa ta kwana a ɗakinta. Ya juya gare ta.

"Inna, kin ji abin da ya ce."

"Ban yarda ba. Hular ta gwamnati ce, ba tasa ba ce da zai yafe. Na ɗauka, na ɓoye, ka kama ni. Abin da na faɗa duk za a karanta a kotu?"

"Kalma ɗaya ba za a bari ba."

"To rubuta. Ka fara da cewa ni, Pyo Bun-rye, ni na saƙa ta. Satar ta biyo baya."

Saje Eom ta rubuta, ta karanta mata. Bun-rye ta sa a maimaita layin farko, sannan ta dangwala yatsa daidai kan layi.

"Malam Pyo," Sufeto ya ce, "gobe ƙarfe tara ka zo ofis da hatiminka. Akwai tambayoyi a kan tallafin shekara goma sha ɗaya."

"Za ka yi da-na-sani, Tak!"

"Mai yiwuwa. Ƙarfe tara, Malam."

Bai sa mata ankwa ba, sai ita ta miƙo hannaye.

"Sa mini. Ina so maƙwabta su fito su tambayi me na yi."

Sun fito kuwa, layin ya cika. Bun-rye ta bi ta tsakiyarsu kanta a sama, duk wanda ya tambaya ta ce masa, "Hular da na saƙa na sace." Da ta ga Saje Eom ta kama hular ta baki, ta tsaya cak.

"Ke, 'yar nan, ta ƙasa ake tallafarta, ba faranti ba ne."

A bakin mota ta waiwayi Sufeto.

"Alƙalin nan da za ku kai ni gabansa, idonsa na gani?"

"Garau, Inna."

"To koma ciki ka ɗauko mini damin gashin doki guda. Na hannun hagu, shi ya fi laushi."

Sufeto Tak ya koma ya ɗauko.