Makirufon Ango

Ƙaramin makirufon ya ƙi kama wuyan rigarsa.

"Ɗaga haɓarka, ango," na ce, ban yarda na kalli fuskarsa ba.

"Kunnena..."

"Don Allah ɗaga haɓarka. Aiki nake yi."

Shekara uku muna ɗaukar bidiyon biki tare da Dogo, shi da kyamara, ni da sauti. Shi ya laƙaba min Kunnena, wai duk abin da bai ji ba ni ce nake ji masa. Ranar da ya kai maganata gida, mahaifiyarsa ta ce ba za ta haɗa jini da yarinyar da ke yawon biki tana maƙala wa mazan mutane abu a ƙirji ba. Abbana da ya ji, zuciya ta ɗebe shi, ya rantse ko Dogo ne autan maza ba zai ba shi ni ba. Manya suka yi faɗansu, mu muka kwana a ciki. Dogo ya bar aikin, ni na ci gaba a kamfanin Yayata.

Amarya ce ta kawo wa Yaya aikin, ta nace lallai ni take so, ba ta kuma faɗi sunan ango ba. Sai da na shigo lambun da ranar Allah, na wuce rumfuna da jerin kujeru, sannan na gan shi tsaye cikin fararen kaya.

Da na zo ɓoye mata nata makirufon a ƙarƙashin mayafi, ta yi min murmushi har da fari da ido.

"'Yar uwa, ki tabbata komai ya fito tas. Ina so ki ji duk kalmar da mijina zai faɗa min."

"Za ta fito, amarya."

Na koma teburina a gefen rumfa, na sa hedifon. Haka muke aiki: muryar ango a kunnen hagu, ta amarya a kunnen dama. Ni ina jin su, su ba sa ji na.

Ana jiran baƙi su gama zama, amarya ta koma cikin mota da mahaifiyarta. Dogo ya taka har ƙarshen lambun, ya kara waya a kunne kamar mai amsa kira.

"Na san kina ji na," muryarsa ta shigo min ta hagu. "Na san iya nisan da abin nan yake kaiwa, ni na sayo mana shi."

Na ɗago na kalle shi.

"Kunnena, na kasa. Wallahi na yi ƙoƙari, na kasa! In har yanzu kina so na, cire hedifon ɗin nan ki rataya a wuya. Ina kallon ki. Kina cirewa zan je gaban kowa in faɗi gaskiya, duk abin da zai faru ya faru..."

Ina son sa, ba zan yi wa kaina ƙarya ba. Hannuna ya tashi da kansa har ya taɓa hedifon ɗin.

Sai kunnen dama ya kawo shesshekar kuka. Baiwar Allah ta manta da abin da ke jikinta.

"Mama, kin ga kallon da ya yi mata? Wata shida bai taɓa yi min irinsa ba."

"Yi shiru mana, za ki ɓata kwalliyarki."

"Ni na kawo ta don in ƙona mata rai, ga shi nawa ne ya ƙone. Tun muna makaranta nake son sa, Mama, tun bai san ina yi ba. In ya bar ni a gaban mutanen nan, ina zan sa kaina?"

Na so in tsane ta. Na nemi tsanar a zuciyata na rasa, don irin kukan nan na san shi, na yi shi har na gaji.

Na sa hannu biyu na ƙara danna hedifon ɗin a kunnena.

Ya daɗe yana kallo na daga nesa. Ina jin numfashinsa yana hawa yana sauka, kamar a kafaɗata yake tsaye.

"To," ya ce. "Allah ya ba ki wanda zai iya tsaya miki."

Na ɗauki sauran bikin tsaf, jawabinsa, dariyarta, addu'ar iyaye. Ko kalma ɗaya ba ta ɓace ba. Hawayena kuwa suna ta ɗiga a kan na'ura, ina gogewa da bakin mayafi.

Washegari a ofis Yaya ta leƙo ta ce, "Auta, kawo sautin in haɗa miki da bidiyon."

"Bar shi, Yaya. Ni na fara."

Na saurari maganar da ya yi min a ƙarshen lambun sau ɗaya, sau ɗaya tak, sannan na yanke wajen na goge, har da kukan amarya.

Bayan mako amarya ta zo karɓar bidiyon da kanta, ba kwalliya, ba fari da ido. Ta tsaya tana murza zoben hannunta.

"Lokacin da nake cikin mota... sai daga baya na tuna da abin nan a jikina."

"Iska ta ɓata wajen," na ce. "Babu abin da ya fito. Naki da nasa duka."

Ta ɗago da sauri.

"Nasa?"

"Duka, amarya. Ki riƙe shi da kyau."

Idanunta suka cika. Ta kama hannuna ta matse. Ranar bikin ko ganye bai motsa ba a lambun nan, ni da ita duk mun sani.