Duna da Rigar Farauta

A can wani ƙauye, tun zamanin kakanni, an yi wani maharbi mai kare, sunan karen Duna. Duna akwai kamun zomo, amma fa akwai wari.

Wata rana matar maharbi ta toshe hanci ta ce, "Maigida, ko warin nan ya bar gidan nan, ko karen ya bar shi."

Maharbi ya wanke Duna da toka. Gari ya waye, wari ya dawo. Ya wanke shi da sabulun salo, ya taje shi, ya bar shi ya bushe a rana. Gari ya waye, wari ya dawo. Ya shafa masa turare, Duna ya yini yana atishawa, har zomo ya wuce ta gabansa bai sani ba.

Matar ta ce, "Wai a ina yake kwana ne?"

Ashe a kan rigar farautar maigida yake kwana. Shekara bakwai rigar ba ta ga ruwa ba, wai kada a wanke sa'arta.

Maharbi ya dubi riga, ya dubi Duna. Duna ya kaɗa wutsiya.

Maharbi ya ce wa matarsa, "Miƙo min sabulun. Ai ba riga ke kamo zomo ba."