Zobban da Ɓarawo Ya Yar

Matan Horo Birni ne suka fara gani. Sun zo da jarkoki, rana ta ɗaga, amma famfon rijiyar burtsatse ko ɗigo. An ɓalle kwaɗon ɗan ɗakin da ke ƙarƙashin tanki, inbata kuwa, wato akwatin da ke karɓar wutar sola ya juya famfo, ya yi ɓatan dabo. Kafin Sajan Balaraba ta iso daga Shagari, gari ya koma shan tafkin da shanu ke fitsari a ciki, ya kuma gama yanke hukunci: Malam Zayyanu makaho ne ya sa ɗansa Maniru ya ɗauke.

Mai ƙara wa wutar ice shi ne shugaban kwamitin ruwa, Alhaji Zainulabidin, mutum mai ƙaton lambun albasa a wajen Bodinga, wanda ba a taɓa ganinsa ba tare da rediyo rataye a wuya ba. Har ƙwalla ya matse a gaban Sajan.

"Ranki shi daɗe, tsohon ga da bakinai yac ce sai ya ga bayan akwatin nan. In ba a hidda shi ba, shi da ɗanai su bar muna gari."

Balaraba ta sami tsohon a zaure, maƙwabta sun daina ko amsa masa sallama.

"Baba, ka ce haka?"

"Na ce, ɗiyata. Tun da anka kafa abin ga, rana na hitowa rediyona sai kuka awa ƙudan zuma. Makaho mi gare shi in ba rediyo ba? Amma yaron da yak kafa shi ya dawo ya gyara, kukan ya ragu, ni ko na yi shiru."

Maniru kuwa yana Sakkwato wurin jinyar matarsa tun kafin satar, ma'aikatan asibitin suka tabbatar. Ta cire su daga zargi, amma gari bai cire ba.

Ta koma ɗakin tankin ta tsuguna. A ƙasa akwai wasu zobba baƙaƙe masu nauyi, ga wata waya da aka datse, ɗaya bakinta binne a ƙasa. Ta kwashi zobban ta kai wa Ɗanmalam, mai haɗa sola a Bodinga da ya kafa inbatan, wanda ita kanta take zargi.

"Ina kake ranar?"

"Ina kan rufin makarantar allo nan Bodinga, malam da ɗalibai shaidu na." Ya juya zobe ɗaya a tafin hannu, ya yi tsaki. "Da ni na, ai ban bar waɗanga ba. Su nis saka wa wayoyi don su shanye kukan, wayar da anka datse ko ta kai sauran ƙasa. Wanda yat tsige su ya ɗauka shara ta. Duk inda anka haɗa akwatin nan tsirara, in dai da rana, rediyon da ke kusa ba ta magana."

Maganar ta zauna mata, sai dai ba za ta zaga ƙananan hukumomi biyu da rediyo a kunne ba. Kwanaki suka shuɗe, yara suka fara gudawa, wasu suka jefi ƙofar makaho da kashin shanu.

Sai wani babban malami ya rasu a Sifawa. Kamar yadda aka saba, aka yi ta sanarwar jana'iza a rediyo tun hantsi, mazan Horo Birni suka cika motoci suka tafi. Da yamma Balaraba ta ji ana tsegumi a bakin masallaci: Alhaji Zainulabidin, wanda a gaban mamacin ya sauke Alƙur'ani, bai je ba, alhali lambunsa ya fi kowa kusa da Sifawa. Can ya taho daga lambun a kan babur, rediyon wuyansa na zuba labarai tas. Balaraba ta tare shi.

"Alhaji, an neme ka wurin jana'iza."

"Wallahi ban jiya ba. Rediyon ga ta lalace, wuni guda sai shuuu."

"Ga ta ko tana magana."

"Haka taka yi kwanan ga. Da marece sai ta warke."

Washegari da rana tsaka ta ari rediyon Malam Zayyanu, ta ɗauki kurtu guda da Ɗanmalam, suka nufi lambun. A bakin hanya murya na fita sarai. Da suka shiga kunyoyin albasa sai ta fara dusashewa, kafin su kai bukkar da ke tsakiya ba ka jin komai sai ƙugi. Kurtun ya yaye buhunan da ke cikin bukkar. Ga inbatan gari, da sunan Horo Birni da aka kankare rabi, yana tura ruwa garai-garai cikin albasar mutum ɗaya.

Alhaji, da suka tarar a lambun, ya ce saye ya yi. Balaraba ta zube zobban a gabansa.

"Mabuɗi na hannunka, ka ɓalle kwaɗo don a ce baƙo na. Ka tsige waɗanga don ba ka san aikinsu ba. Inbata ba shi aiki sai da rana, shi as sa rediyonka ke ciwo da rana ta warke da marece. Kai da ba ka ƙetare jana'iza, ka ƙetare ta malaminka, don abin da kas sata ya toshe maka kunne. Kuma duk bai ishe ka ba sai da kal laƙa wa makaho."

Ta sha ganin ɓarayi, amma ba ta taɓa jin ƙyamar wani kamar wannan ba. Ta bi da shi ta Horo Birni, akwatin a kansa, aka tsaya a ƙofar Malam Zayyanu har tsohon ya laluba ya taɓa shi da hannu. Rana ta dafa Alhaji, ya roƙi ruwa. Matar tsohon ta shiga ta ɗebo daga randa ta miƙa masa: ruwan tafki, kore, da ɗan wari, 'yan tsutsotsi na wutsil-wutsil a ciki. Ya kawar da kai.

"Sha mana, Alhaji," in ji makahon. "Shi jikokinka suka sha."