Askar da Ba a Wankewa

Can da, a wani gari, an yi wani wanzami mai gaggawa. Ba ya wanke askarsa. Daga wannan kai sai wancan kai, daga wancan kai sai wani kan. Ba a jima ba makero ya cinye gashin yaran garin, har da na ɗansa.

Wanzami ya fusata, ya ce, "Ƙazaman yaran nan sun shafa wa ɗana ciwo!"

Matarsa ta harzuƙa. Ta ɗauko askar ta dangwara a gabansa. "Su ne ƙazamai, Maigida? To, ga ta yadda ka ajiye ta. Aske kanka da ita in gani!"

Wanzami ya dubi askar, ya shafa kansa. Can ya ce, "Ɗora mini ruwa a wuta in wanke ta."