Murfi Huɗu A Cikin Jaka

"Ɗauke min wannan takardar daga kan teburina!"

Ban san na ɗaga murya haka ba sai da na ji ajin ya amsa. An tashi yara tun ɗazu. Daga ni sai shi, sai kofunan wake da muka jera a bakin taga.

Bai ɗauke ba. Sai ma ya sa yatsa ya ƙara turo ta gabana.

"Malamata, ki karanta tukuna..."

"Na karanta! AA aka rubuta. Sati uku da suka wuce ni da kai muka je asibiti, da hannuna na karɓo sakamakon. Kai AS, ni AS. Ko juye maka jinin aka yi aka zuba sabo kamar man inji?"

"Mama takarda ta ce a kawo mata. Ga takarda."

"Ta ƙarya!"

"Ta ƙarya," ya amsa a hankali. "Amma son da nake miki ba na ƙarya ba ne, hasken idona. Ya kike so in yi? In naɗe hannu in zuba ido ki tafi?"

Na kalli hannun nasa. Kaushin katako, da tabon zarto a babban yatsa. Hannun da ya ƙera teburin da nake dafe da shi.

"Wa ya yi maka ita?"

"Malamar lissafi ce ta san wani. Ta ce tausayinmu take ji."

Na buɗe baki zan ce ya yaga ta. Wallahi abin da na yi niyya ke nan. Sai na ga hannuna ya ninke takardar ya tura ta cikin jakata.

Ajin nan ɗakin ajiya ne lokacin da aka ɗauke ni aiki. Karyayyun benci, tsofaffin rajista, da kashin ɓera har ƙofa. Na ce wa shugabar makaranta ni ba zan koyar da kimiyya da baki kawai ba, ina son yara su taɓa, su zuba, su auna. Ta kalle ni ta saman tabarau ta ce, "In kin iya gyara shi, naki ne. Sai dai ki sani ko ƙusa ɗaya ba ni da ita."

Ƙofa kawai aka turo kafinta ya gyara.

Na shigo da safe na tarar da ƙaton mutum yana tafiya a kan gwiwoyinsa a tsakiyar ɗaki, awo a hannu.

"Malam, lafiya?"

"Lafiya lau. So nake in ga abin da yaro zai gani in ya shigo. Wannan kantar da kika zana, sai ɗalibanki sun hau tsani."

Na ji haushi, don gaskiya ya faɗa.

Daga ƙofa ya koma tebura. Daga karyayyun bencin nan ya fitar da gajerun tebura shida, ya goge bakinsu don kada sartse ya soki yaro. Ni kuma na bi gari ina tsince-tsince, kwalabe, maganaɗisun tsohuwar rediyo, ƙwan tocila, murfin lemo. Har ya sa min suna Sarauniyar Bola. Ranar da 'yan aji huɗu suka haɗa batir da waya ƙwan tocila ya kama, ihunsa daga bayan aji ya fi na yaran.

"Da haka aka koya mana, da ban gudu daga aji biyar ba," in ji shi.

Shi ya sassaƙa min dokar ajina a jikin katako, ya kafa ta saman allo: RUBUTA ABIN DA KA GANI. Duk yaron da ya rubuta abin da yake so ya faru maimakon abin da ya faru, ya san sauran. Ba na duka, amma bakina ya ishe su.

Ban san ranar da na fara son sa ba. Na dai lura in ban ji ƙarar guduma ba, darasi ba ya min daɗi.

Da maganar aure ta taso, Mama da farko tsalle ta yi ta dire.

"Kafinta? Duk karatun da kika yi?"

Shi kuwa kafintan bai yi fushi ba. Ya zo gida sau biyu, ya lura Yayana ba ya iya jingina a kujera in ciwonsa ya motsa, ya je ya ƙera masa wata mai kwantawa baya. Yaya sikila ne. Shekara ashirin da tara Mama tana ɗaukarsa tana saukewa, ta san kowane benci na asibiti da gwiwarta. Ranar da ta ga Yaya ya yi barci a kujerar nan har da minshari, ta sauko.

"Na yarda. Sharaɗina ɗaya, ku yi gwajin jini. Ni na ɗanɗana, ba zan bari 'yata ta ɗanɗana ba."

Muka je muna dariya. Muka dawo kowa na kallon tagarsa.

Na ce wa Mama sakamako bai fito ba. Sati uku ina faɗin haka.

Yanzu ga takarda a jakata. Kwana uku ina yawo da ita, ina koyar da yara a ƙarƙashin katakon nan, ban yarda na ɗaga kai na kalle shi ba. Malamar lissafi kuwa kullum sai ta leƙo.

"Ƙawata, kin kai? Ki kai mana! Wa zai sani? Mutum irin wannan ai ba a sakinsa."

Rana ta huɗu da yamma na kai.

Mama na tsakar gida tana ninke wanki, Yaya na kwance a kujerarsa. Na durƙusa na miƙa mata da hannu biyu. Hannun ko rawa bai yi ba, abin da har yau nake jin kunyarsa ke nan.

Ta daɗe tana kallo. Sannan ta miƙa wa Yaya.

"Karanta min, idona ba ya gani sosai."

Yaya ya ɗaga ta sama, ya juya bayanta, ya yi 'yar dariya.

"Kai! Wannan takarda ta fi ni lafiya."

"Auta," Mama ta kira ni, muryarta ƙasa ƙasa. "Shekaranjiya wata malama daga makarantarku ta zo nan. Ta ce kafinta ya sayi takardar bogi zai yaudare mu, ta ce ke ba ki sani ba. Na ce mata in dai 'yata ce, ko ta sani ba za ta kawo min ba."

Na ɗago kai na kalle ta.

"Mama..."

"Kin sani ko ba ki sani ba?"

Ƙofa ce a buɗe. In ce ban sani ba, laifi ya hau kansa shi kaɗai, ni in fita fes. Abin da malamar lissafi ta shirya ke nan, a kore shi da kunya, ita ta tsince shi.

"Na sani, Mama. Tare muka karɓo na gaskiyar. AS ne."

Ba ta zage ni ba. Da ma ta zage ni! Ta ci gaba da ninke rigar Yaya, ta ninke, ta warware, ta sake ninkewa.

"Ke da kike riƙe min ledar ruwa a asibiti tun kina 'yar shekara tara," ta ce. Ta tashi ta shige ɗaki.

Na rarrafa wajen Yaya ina kuka.

"Yaya, ka ce wani abu... Kai fa kana raye, kana dariya, ka fi kowa surutu a gidan nan! Laifi ne in na haifi irinka?"

"A'a, ban yarda ba, irina sai an tona," ya ce. Sannan dariyar ta ɗauke. "Auta, ni ban taɓa cewa da ma ba a haife ni ba. Ina son raina sosai. Amma Mama ba ta sani ba lokacin da ta yi aure. Shi ya sa in ciwo ya kama ni ina ihu, ina iya kallon idonta. Ke kin sani. In naki ya tambaye ki, me za ki ce masa?"

Na tashi na bar shi a kujerarsa. 

Washegari ranar duba wake ce. Kowane yaro da kofinsa da auduga da ƙwayar wake, kwana goma suna ba shi ruwa suna zana abin da ya fito. Ina bin tebura, kaina kamar an ɗora min dutse, sai na zo kan wata 'yar ƙaramar yarinya da muke kira Uwar Tambaya. Littafinta ga ganye kore shar har huɗu. Kofinta kuwa wake ya kumbura ya yi baƙi, ko tsiro babu.

Yaran teburin suka yi tsit. Sun san abin da ke zuwa.

"Wannan ganyen fa, a ina kika gan shi?"

Ta jawo kofinta kusa da ita.

"Malama... kullum ina ba shi ruwa. Har magana nake masa. Na kowa ya fito..."

Na durƙusa a gabanta, daidai tsayin da kafinta ya auna. Faɗan da na saba ya ƙi fitowa.

"Na sani," na ce. "Ba laifinki ba ne. Wani waken haka yake, ko me kika yi masa."

"To in goge?"

"Kar ki goge, ya yi kyau. Buɗe sabon shafi ki rubuta abin da kika gani."

Ta rubuta tana jan hanci: Bai fito ba. Na ba shi ruwa kullum.

Na juya na fuskanci allo, na daɗe ina goge wurin da babu rubutu.

Bayan an tashi kafinta ya shigo. Ya riga ya ji, Yaya ya kira shi. Idanunsa sun yi ja, fensir na maƙale a kunnensa kamar kullum.

"Na cuce ki, Malamata. Na zubar miki da mutunci a gaban Mama."

"Da hannuna na miƙa."

"Waccan malamar lissafin kuma har shago ta biyo ni da jaje. Na ce in ta sake taka min ƙofa..." Ya haɗiye sauran. Ya matso. "Ki saurare ni, rabin raina. Likita cewa ya yi ɗaya cikin huɗu ne zai zo da sikila. Ɗaya fa! Uku lafiya lau. Ni a sana'ata in katako uku cikin huɗu masu kyau ne, saye nake. Kuma Allah ne mai yi. Me ya sa za mu kashe kanmu a kan ɗaya?"

Na je kanta na ɗauko jakar baƙin yadi da nake koya wa yara hasashe da ita. Su faɗi abin da suke zato, su zura hannu, su rubuta abin da ya fito. Na zazzage ta, na zaɓi murfin lemo huɗu, fari uku, ja ɗaya. Na zuba a gabansa na girgiza.

"Zura hannu."

"Haba, wasan yara..."

"Zura! Amma ka sa a ranka ɗanka ne za ka ciro. Kuma ka sani, kowane ciki sai an mayar da murfin an sake girgizawa."

Ya kalle ni. Ya kalli jakar.

Ya zura.

Ina jin murafan suna ƙara a tsakanin yatsunsa. Ya kama wannan ya saki, ya kama wancan. Mutumin da ke gane irin katako da shafawa kawai, ga shi yana laluben launi da yatsa. 

Ya fito da hannun a dunƙule.

"Buɗe," na ce.

Ya ɗago dunƙulen har saitin ƙirjinsa. Jijiyoyin hannun suka tashi. Na ga ya rufe ido, na san kujerar Yaya yake gani, shi da ya auna bayan Yaya da hannunsa.

"Ba zan iya ba..."

"Na sani."

"Wallahi ina son ki!"

"Na sani, abin ƙaunata. Ni ma haka."

Ya tsaya yana kallon tebura, da kanta, da katakon saman allo.

"Ƙafar teburin can na baya tana rawa," ya ce. "Ki sa a kira wani ya duba, kar ya faɗo wa yaro."

Ya fita da hannunsa a dunƙule. Ƙofar da ya gyara ta rufu a bayansa ko ƙara babu.

Na zauna a ɗan gajeren teburi, jaka a cinyata. Na ce ba zan duba ba. Na rantse ba zan duba ba! Amma shekara biyu ina hana yara kawar da kai daga sakamako.

Na zazzage ta a tafin hannuna.

Fari. Fari.

Ja.

Fari ya ɗauka.

Na yi kuka har mai shara ta leƙo ta koma. Na ɗauki waya sau uku ina ajiyewa. In na gaya masa zai dawo da gudu, ni kuma na san ba zan iya korarsa karo na biyu ba. Jan yana nan a hannuna, yana jiran a sake girgizawa.

Ban gaya masa ba. An ce ya tashi da shagonsa daga unguwar kafin ƙarshen zangon.

Na jawo littafin gwaje-gwajen aji, na buɗe sabon shafi, na sa kwanan wata. Na rubuta: An zura hannu sau ɗaya. Fari ya fito.

Na mayar da murfi ukun cikin jaka, na ɗora ta can saman kanta inda hannun yara ba ya kaiwa.