Mangwaron Ɗan Abijan

Shekara biyar Mahfuzu ya yi a Abijan yana sayar da takalma a kan tebur, kuma ranar da ya dawo Tabotaki sai da ya tsaya yana waige-waige kamar baƙo. An kafa dogon ƙarfen salula bayan lakwal, makarantar boko. Rijiyar da suke ja da guga an rufe ta, an yi famfo mai sola, mata sun jera bido, jarkokin ruwa, har bakin hanya. Samarin da ya bari suna kiwon awaki sun koma 'yan kabu-kabu. Fiddausiya, wadda ya bari da alkawarin shekara guda, ta sayi keken ɗinki, ita ke yi wa rabin garin kayan salla. Yayanta Hamidu kuwa, amininsa tun na yarinta, ya auri Cima har sun haihu.

A tsakar gidan Hamidu aka shimfiɗa masa tabarma, aka dire masa yaro a cinya.

"Ga takwaranka," in ji Hamidu. "Ranar suna kana can, sai murya ka aiko muna ta salula."

Cima ba ta kama sunan, don ɗan fari ne. Ɗan Abijan take ce wa yaron, shi kuma babban ta laƙaba masa Baban Abijan.

"Juma'a mai zuwa shekararshi guda," ta ce tana dama fura. "Anibasar za mu yi, ɗan gato, kek ɗin nan, da lemu. Baban Abijan, ka tsere ma suna, wannan karon kam sai kado, kyautar takwara!"

Mahfuzu ya yi dariya, amma zuciyarsa na wani wuri. Kwana biyu da suka wuce kawunsa ya je wurin Malam Alƙasim, mahaifin Hamidu da Fiddausiya, neman izinin auren Fiddausiya. Amsar da ya kawo ba ta da daɗi.

"Yaron kirki na," tsohon ya ce, "amma ƙahwarshi ba ta zama. An ce mini har yau bai kwance baliz ɗinshi ba. Ɗiyata ta kori mutum ukku tana jiranshi. In ruwa ya sauka ban ga abin da ya canza ba, ya nemi wata."

Gaskiya ne kuwa, baliz ɗin, akwatin tafiyarsa, na nan bayan ƙofa a ɗaure. Ita ma Fiddausiya ta faɗa masa ba za ta yi auren da Baba bai sa wa albarka ba.

Ranar kasuwar Buza ya hau moto mai ƙafa biyu ya tafi neman kado. Ya ɗauki wata jar motar wasa mai pil, wato batir, ya ajiye. Ya juya takalma masu kunna wuta, ya ajiye. Daga ƙarshe ya kira Fiddausiya.

"Mota mai pil?" ta ce. "Haba Yaya! Kahin la'asar yaran unguwa sun cire mata taya. Sawo mishi abin da za shi tarar in ya yi wayo."

Yana kashe wayar idonsa ya faɗa kan wani dattijo da ya jera dashen itatuwa cikin baƙaƙen ledoji. Akwai ɗan mangwaro mai aure, ganye bakwai, tsawonsa bai wuce gwiwa ba. A Abijan ko ƙwallo mutum ya jefar bayan ɗaki sai ya tsiro. Bai ƙara tunani ba, ya saya.

Ranar Juma'a, da aka yanka gato, ya fito da kadonsa. Matan tsakar gidan suka kwashe da dariya.

"Itace? Cikin bazara?" Malam Alƙasim ya girgiza kai. "Ɗana, ka manta garinku. Nan Adar ba a dashe sai ruwa ya sauka."

Kunya ta kama Mahfuzu, amma ya haƙa rami kusa da rumbu ya dasa, ya juye masa bokiti guda, ya tafi. Shinge ko a ransa. Da safe Hamidu ya aiko ya zo ya gani. Akuyar da Malam ya ba jikansa ranar suna ta kwance igiya, ta cinye ganyen nan bakwai tas, sai ɗan tsinke a tsaye.

"Kadon kaka ya ci kadon takwara!" in ji Cima, ta rufe baki da gyale.

Mahfuzu ya juya zai fita, sai ga Fiddausiya a bakin ƙofa.

"Ina za ka?"

"Gobe akwai mota zuwa Ƙonni. Garin nan ya hi ƙarhina, Fiddausiya. Komi na taɓa sai an yi mini dariya."

Hawaye suka zubo mata. "Shekara biyar ina zaune, ana ce mini wawuya, ban motsa ba. Kai kwana guda akuya ta kore ka? Ashe Baba ya hi ni saninka!"

Ta wuce shi, ta durƙusa gaban tsinken, ta ɗan kankare bawon da farce. Ciki kore ne shar.

"Da ranshi," ta ce. "Sauran kai."

Bai bi motar Ƙonni ba. Ya ari gatari ya saro ƙayar magarya, ya zagaye dashen har hannuwansa suka yi jini. Ya kafa masa 'yar rumfar kara. Ya huda gindin wani tsohon tulu, ya binne shi kusa da saiwa don ruwa ya riƙa tsatsafowa. Safe da yamma yana cikin layin mata da bido biyu.

"Baban Abijan ya koma ɗan garuwa!" suke tsokanarsa. "Nawa ne bido, Alhaji?"

"Ku tambayi maigidana," yake cewa, "yana can bisa bayan Cima."

Ba wai ƙafar ta daina ƙaiƙayi ba. Duk motar da ta tashi sai ya bi ta da ido har ta ɓace bayan dutse. Abokansa na Abijan suna kira, wai kasuwa ta buɗe, me yake yi a ƙauye? Amma rana ta goma sha tara ya leƙa cikin ƙayar ya ga ganye biyu, jajaye, masu laushi kamar kunnen jariri. Da famfo ya lalace a watan Mayu, kwana takwas yana bin amalanken jaki zuwa fadama cikin ranar da ke ƙona tafin ƙafa. Duk wannan a gaban zauren Malam Alƙasim yake wucewa. Ya gaishe shi, tsohon ya amsa, shi ke nan.

Ranar da ruwan farko ya sauka, Malam ya sa aka kira shi.

"Kwana casa'in da huɗu," ya ce. "Ina nan zaune ina lissahi, ko guda ba ka tsallake ba. Har yanzu ina nan kan bakana, wauta ce dashe cikin bazara. Amma wanda ya tsaya ma wautarshi haka, zai tsaya ma iyalinshi. Ka turo magabatanka."

Mahfuzu ya durƙusa. "Na gode, Baba. Allah shi ƙara girma."

"Ka gode ma akuya," in ji tsohon, yana ɓoye murmushi cikin gemu.

Bayan an yanke gero aka ɗaura aure. Mahfuzu ya gode wa Allah, ya gode wa Hamidu da ya sa wa ɗansa sunan mutumin da ba ya nan, ya kuma gode wa yarinyar da ta kankare bawo da farce. A nan ya gane cewa ba a kasuwa ake gama kyauta ba, sai mai ita ya tsaya a kanta yana wahala har ta kama ƙasa. So ma haka yake, kuma iyayen da suka ce a dakata sau da yawa wannan tsayuwar suke son gani.

Da sanyi ya shigo ya fara shirin komawa Abijan, ya sayar da teburinsa ya dawo kafin bazara. Ya jawo baliz, ya tarar Fiddausiya ta cika shi da zannuwanta.

"Wannan ya zama nawa," ta ce, ta miƙa masa 'yar jaka. "Riga ukku sun ishe ka. In ka wuce wata biyu, ni da kaina zan kwance akuyar."

Ya leƙa gidan Hamidu yin sallama. Mangwaron ya kai masa ƙugu. Ɗan Abijan na tafe da ƙafarsa, riƙe da moɗa, rabin ruwan ya zube a rigarsa kafin ya kai gindin itacen. Mahfuzu ya cika tulun da ke binne har baki, ya gyara ƙayar, sannan ya koma ɗaki ya ninke riga uku ya sa a jaka.