Ruwan Rini a Bayan Ɗakin Baƙi

Magariba ta kawo jiki a Unguwar Rimi, tsuntsaye sun yi tsit, sai dutse ya dira a kan kwanon gidan Alhaji Ubaidullah. Aka ce yaran maƙwabta ne. Na biyu kuwa tsakiyar falo ya faɗo, ƙofa a rufe, kuma da zafinsa.

Ɗakin baya ne mafarin abin. Shekara da shekaru yana kulle, har 'yarsa Bara'atu, mai zane, ta je ƙasar waje aka ba ta masauki ta yi aikinta a natse. Ta dawo ta kafe sai an mai da ɗakin masaukin masu fasaha daga ko'ina a duniya. Da naci ta karɓi mabuɗin. Burinta ke nan, ba ta da wani.

Baƙuwar farko mariniya ce daga Brazil. Ran nan ana shirin kiran salla ta kinkimo tukunyar rini tana tafasa, ta sheƙar a bayan ɗakin. Bara'atu na tsaye. Wa bai san ba a zubar da ruwan zafi da magariba babu bisimilla ba? Amma kunyar baƙuwa ta rufe mata baki, kada a ce mata mai camfi.

Bayan duwatsun sai kukan jariri daga jikin bango. Sai Bara'atu ta daina ci, ta daina magana, kullum rana ta faɗi ta zauna tana jijjiga abin da babu mai ganinsa a cinyarta. Tsoro ya cika gidan, baƙuwa ta tattara ta koma otal.

Aka ɗauko Malam Isiyaku daga Katabu. Ya daɗe yana karatu kafin yarinyar ta ɗago, ta yi magana da muryar wata tsohuwa.

"Jikana aka ƙona."

"Ba ita ta zuba ba," in ji Malam.

"Waccan ba ta sani ba. Wannan ta sani, ta yi shiru."

Hajiya Dije, mahaifiyarta, ta fashe da kuka.

"Ki ji tsoron Allah ki fita," in ji Malam.

"A yanka mini baƙin bunsuru."

"Ba a yanka sai don Allah."

Can muryar ta ce, "To a mayar mini da ɗakina. Duk ranar da aka sake buɗe shi, da ita zan tafi."

Malam ya dubi Alhaji. Alhaji ya dubi 'yarsa, duk ta rame ta ƙare, ya ce, "Na yarda." Bara'atu ta yi atishawa ta sulale.

Da hantsi ta farka tana neman ruwa. Tana cikin sha ta jiyo bugun guduma daga bayan gida.

"Mama, me ake kafewa?"

Hajiya ta gyara mata mayafi ta ce, "Sha ruwanki."